Aƙilu Mai Ƙofar Jirgi

A Limancin Kona, cikin birnin Zazzau, akwai wani dattijo dogo siriri da ake kira Aƙilu Na-Ruwa. Rumfarsa tana jingine da katangar gidan mahaifinsa, cike da injinan ban ruwa da janaretocin da aka kawo gyara. Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa, in za ka yi masa magana sai ka zagayo ta dama. Masu kawo masa aiki sun san tsohon sojan ruwa ne, nan kuma saninsu ya tsaya. Wasu ma abin dariya yake ba su. Mutumin birni, wanda babban ruwan garinsu bai wuce Kubanni da damina ba, me ya kai shi teku?

Shi ne ɗan fari a gidan Malam Mustapha, wanda yake karantar da fiƙihu a zaurensa kowace safiya. Gidan malamai ne tun kaka da kakanni. Aƙilu ya yi sauka kamar kowane yaro na gidan, amma da aka zo kan manyan littattafai sai kansa ya ƙi ɗauka. Abin da hannunsa yake so shi ne ƙarfe. Ya taɓa kwance keken ɗinkin mahaifiyarsa ya mayar daidai. Ya kwance agogon bangon zaure, wannan kam bai mayu ba, ya sha bulala. Da ya gama makarantar koyon sana'a ya ji ana ɗaukar sojan ruwa a Kaduna, sai ya sulale ba da sanin kowa ba, ya dawo an riga an ɗauke shi.

Malam ya daɗe bai amsa gaisuwarsa ba. Ana gobe zai tafi ya sa aka kira shi zaure, ya ce, "Tunda ruwa ka zaɓa, ka riƙe salla da kyau. Can babu reshen da za ka kama."

Mahaifiyarsa, wadda kowa yake kira Iya, ta shiga haɗa masa guzuri. Da ma ba ta yi masa doguwar magana, ko sunansa ba ta faɗa, saboda kunyar ɗan fari. Ta daka masa yaji, ta soya ƙuli-ƙuli, ta ƙulle a tsohon zane ta ajiye a bakin ƙofar ɗakinsa.

Bayan horo aka tura shi Legas, aka ba shi wani jirgi da bai daɗe da zuwa daga Turai ba. Ba irin jirgin yaƙin da ake gani a hoto ba ne, mai tsini da manyan bindigogi. Wannan ƙato ne mai faɗin ciki, gindinsa a baje kamar faranti. An ƙera shi ne don ya ɗauki tankokin yaƙi da motoci da sojoji, ya tafi da su har bakin gaɓa ya kwantar da ƙirjinsa a kan yashi. Sai gabansa ya tsage biyu, manyan ƙofofin ƙarfe su buɗe, wata gada ta sauko daga ciki ta kwanta a ƙasa, tankokin su bi ta kanta su fita. Ma'aikata suna kiran ƙofofin baki, gadar kuma harshe. 'Yan Arewan da ke ciki suka laƙaba wa jirgin suna Gwaggo, don ba ya sauri, kuma duk wanda ya zo sai ya goya shi.

Aikin Aƙilu shi ne buɗe bakin da sauke harshen. Ya san kukan kowace sarƙa. In mai ya yi ƙaranci a wata mahaɗa, kafin kowa ya lura shi ya ji a tafin ƙafarsa.

A jirgin ya haɗu da Fredrick, mutumin Wusasa, wanda yake aiki can ƙasa a ɗakin inji. Ranar farko Aƙilu yana rataye a ƙarfen gefen jirgi yana sheƙa amai, sai ya ji an ce daga bayansa da Hausar gida, "Ɗan birni, ai ba a kallon ruwa. Kalli can inda sama ta taɓa shi." Ya waiwaya ya ga wani gajere mai baƙin mai har gwiwar hannu yana miƙo masa citta. Daga ranar suka zama kamar tagwaye. In azumi ya zo Fredrick ne yake ajiye masa abincin buɗa-baki a kan bututun inji don kada ya huce. In Kirsimeti ta zo Aƙilu ne yake karɓar gadinsa.

Shekara goma suka yi a haka ba a harba ko harsashi ɗaya a kansu ba. Atisaye ne, da kai motoci Kalaba, da sauke kaya a garuruwan bakin ruwa da babu mashiga. Aƙilu ya yi aure a gida, ya auri Hussaina, Allah bai ba su haihuwa ba. Duk hutun da ya zo, ƙanensa Mamman, autan Iya, yana manne da shi. Ya sa hularsa ta soja, ya tsaya gaban madubi yana sara wa kansa. Da Mamman ya girma sai ya wuce barikin horar da kurata da ke nan Zariya, ya fito direban motar sulke. Wannan karon Malam bai yi fushi ba, ya dai girgiza kai. Iya ce ta yi wa Aƙilu wani kallo a tsakar gida, kallon da ya fi masa zagi ciwo.

A damina ta 1990 yaƙin Laberiya ya yi tsanani, ƙasashen Afirka ta Yamma suka haɗa runduna don shiga tsakani. Aka ce Gwaggo ya shirya. A tashar Apapa Aƙilu ya buɗe baki ya sauke harshe, motoci suka fara hawa da baya da baya, yana yi musu alama da hannu. Wata motar sulke ta hau, ta tsaya daidai inda yake, direban ya leƙo.

"Yaya, in ƙara baya ko ya isa?"

Aƙilu ya duba, sai ga Mamman. Bai san bataliyar Mamman tana cikin masu tafiya ba. Bikinsa ma bai daɗe ba, amaryarsa Tayyiba tana da ƙaramin ciki.

"Wa ya sa ka a wannan tafiya?"

"Wanda ya sa ka," in ji Mamman, yana dariya.

"Iya ta sani?"

"Na ce mata jirginka zan hau. Shi ne hankalinta ya kwanta."

A hanya Mamman ya yi amai har ya koma kamar tsumma. Aƙilu ya kai shi gadonsa, Fredrick ya kawo citta. Da ya ɗan farfaɗo sai tsiya ta dawo. Ya ce, "Yaya, shekara goma kana cika mana baki da jirgi, ashe jakin Baba Tanko mai itace ya fi shi sauri." Suka yi ta dariya su uku. Aƙilu yakan ce bai taɓa samun ƙanensa sosai kamar a wannan tafiya ba, don a gida kullum akwai mutane tsakaninsu.

Tun kafin su ga Monrobiya suka ga hayaƙinta. Da suka matso sai wari ya tare su, warin da Aƙilu bai taɓa iya kwatanta wa kowa ba. Ana harbi daga cikin gari, abubuwa suna faɗowa cikin ruwa suna tayar da shi sama kamar rimi. Aka ba da umarni. Aƙilu ya yi bisimilla ya ja ƙarfen, baki ya buɗe, harshe ya sauka. Motoci suka fara fita ɗaya bayan ɗaya. Da ta Mamman ta zo, bai tsaya ba, hannu kawai ya ɗago ta saman motar ya wuce. Jim kaɗan wani abu ya fashe a gefen ƙofar hagu, ya jefar da Aƙilu ƙasa. Ya tashi babu ko ƙwarzane a jikinsa, amma kunnensa na hagu ya tafi ke nan.

Daga nan jirgin ya shiga zirga-zirga. Ya kai sojoji da shinkafa da harsasai, ya dawo da mutane. Akwai 'yan Najeriya da yawa da yaƙin ya rutsa da su a can, 'yan kasuwa da malaman makaranta da matan da suka haihu a ƙasar. Suna kwana a tashar jirgi cikin ruwan sama, ƙafafunsu a kumbure don yunwa. In Aƙilu ya sauke harshe sai su taso kamar fari. Wurin da aka yi domin tankoki sai ya cika da mutane maƙil, babu inda za ka sa ƙafa. Duk zuwan da suka yi yana tambayar sojojin da ke gadin tashar labarin Mamman. Wani ya ce ya gan shi a bakin wata gada, wani ya ce yana lafiya, har ya yi ƙiba.

A wani zuwan, bayan an gama lodin mutane ana shirin rufewa, sai ga motar asibiti da gudu. Aka fara fito da waɗanda suka ji rauni a kan gadajen ɗauka. Aƙilu yana riƙe da ƙarfen ƙofa yana jira su wuce. Ƙafar ya fara ganewa, don Mamman yana da wani yatsa da ya hau kan ɗan'uwansa tun haihuwa. An naɗe cikinsa da bandeji, jini ya huda ya fito. Tartsatsin roka ne ya same shi yana wajen motarsa.

Aƙilu bai saki ƙarfen ba, don babu mai karɓarsa. Sai da ya ɗage harshe ya rufe baki ya ɗaure komai, sannan ya tsallake mutane ya isa gare shi. Ya roƙi alfarma aka kwantar da Mamman a wani lungu kusa da wurin aikinsa. Likitan jirgin ya duba, ya sa ƙarin ruwa, ya ja Aƙilu gefe ya ce aikin ya fi ƙarfin abin da yake da shi, sai an kai Legas. Legas kuwa tana da nisa, teku ta yi fushi, jirgin ya yi nauyi. Aƙilu ya sauka ɗakin inji. Fredrick ya dube shi ya ce, "Na sakar wa injinan duk ƙarfin da suke da shi, ɗan birni. In na ƙara za su fashe."

Washegari da hantsi Mamman ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallon yayansa kafin ya gane shi.

"Yaya, mun kusa?"

"Mun kusa."

"Ƙarya kake. Na san jakin nan naka." Ya so ya yi dariya, ciwo ya hana shi. Can ya ce, "Ƙishi nake ji."

Likita ya hana a ba shi ruwa. Aƙilu ya jiƙa gefen rigarsa yana shafa masa a leɓe. Mamman ya tambayi Tayyiba, ya ce yanzu cikin ya fito ko? Aƙilu ya ce ya fito, ko da yake shi ma rabonsa da gida tun kafin tafiyar. Daga nan maganarsa ta fara rikicewa, yana kiran abokan makarantar allo, yana cewa a buɗe taga. Aƙilu ya sa bakinsa a kunnensa yana karanta masa kalmar shahada. Kafin azahar ya cika.

Kyaftin ya sa aka kira Aƙilu. Mutum ne mai tausayi, bai ɓoye masa komai ba. Sauran tafiya da yawa, zafin cikin jirgin ya wuce misali, ga mata da yara da marasa lafiya a cunkushe, kuma babu wurin sanyin da za a ajiye gawa. Waɗanda suka rasu a tafiyar baya ma a teku aka yi musu sutura. Ya ce, "Ba zan ba ka umarni a kan wannan ba. Amma ka ga yadda muke."

Cikin mutanen akwai wani tsoho, Malam Audu, Bakano mai sayar da goro da ya shekara talatin a Monrobiya. Shi ya dafa kafaɗar Aƙilu ya ce, "Ɗana, ka yi karatu, na gani a bakinka. Ka san shari'a ta yarda, kuma ruwan teku mai tsarki ne. Ubangijin tudu shi ne Ubangijin ruwa. Tashi mu yi masa abin da ya rage."

Aƙilu ya ɗaura igiya a bokiti ya ɗebo ruwan teku. Aka kare da bargo, shi da Malam Audu suka wanke shi. Suna gamawa sai ga Fredrick da gorar ruwan shansa na ranar, da farin zanen gadonsa wanda bai taɓa shimfiɗawa ba. Ya ce, "Ku ɗauraye shi da wannan, kada gishiri ya zauna masa a jiki." Shi ne kuma ya kawo wani guntun ƙarfe daga ɗakin inji aka ɗaura a wajen ƙafafu.

Bayan la'asar aka hau da shi sama, can bayan jirgi. Kyaftin ya sa aka rage gudu. Neman alƙibla bai yi wuya ba, don jirgin kansa gabas ya dosa. Malam Audu ya shige gaba, Musulmin da ke iya tsayuwa suka yi sahu, sauran mutane suka cire huluna suka yi tsit. Da aka idar aka ɗora shi a kan wani katako. Aƙilu ne ya ɗaga ƙarshen katakon da hannunsa. Ruwan ya buɗe ya rufe, ko minti ɗaya ba a yi ba wurin ya koma daidai da ko'ina. Ya tsaya yana kallo don ya riƙe wurin a idonsa, jirgin kuwa yana ta tafiya.

Kafin ya iso Zariya labarin rasuwa ya riga shi, amma ba a faɗi yadda aka yi ba. Ya tarar da zaure cike da masu ta'aziyya. Ya durƙusa gaban Malam ya faɗi komai. Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Abin da kuka yi daidai ne. Haka yake a littafi." Ya maimaita, "Haka yake a littafi."

Cikin gida ya fi wuya. Iya tana zaune a bakin gadonta, Tayyiba tana kwance a bayanta ta juya fuska bango. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya yi gaisuwa. Iya ta ɗago ta dube shi. Sai ta ce, "Aƙilu."

Tunda aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

"Aƙilu, a ina ka bar min shi?"

"A ruwa, Iya."

"Wane ruwa?"

Ya rasa yadda zai yi mata bayani. Matar da ba ta taɓa wuce Kaduna ba, ta yaya za ka gaya mata akwai ruwan da za ka kwana ka tashi kana tafiya ba ka ga ƙarshensa ba?

"Babba ne, Iya."

"An sa alama?"

"Ba a iya sawa."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "Ya ce min jirginka zai hau." Har ta koma ga Allah ba ta sake tayar da maganar ba. Ba ta taɓa cewa laifinsa ne ba. Ta ci gaba da soya masa ƙuli-ƙuli duk lokacin da zai koma. Sai dai in ana maganar wani da ya rasu aka ce an kai shi makwancinsa, sai ta tashi ta shiga ɗaki.

Mutane sun zaci zai ajiye aikin. Bai ajiye ba, kuma da aka so a mayar da shi wani jirgin ya roƙa aka bar shi. Ya sake komawa Monrobiya sau da yawa, har lokacin da faɗa ya sake ɓarkewa aka yi ta ruwan wuta a kan tashar. Da yaƙin Saliyo ya zo, Gwaggo ya kai sojoji Firitawun, ya tsufa sosai a lokacin, yana tafiya da inji ɗaya ana lallaɓa ɗayan. Duk tafiyar da za su bi ta wannan yanki na teku, mai kula da taswira yakan aiko a gaya wa Aƙilu. Sai ya hau bayan jirgi ya tsaya yana addu'a. Fredrick yakan fito daga ɗakin inji ya tsaya kusa da shi, in an gama ya koma.

Tayyiba ta haifi mace aka sa mata Radiya. Da ta sake aure a Tudun Jukun, sai Malam ya ce a bar yarinyar a gidan ubanta, Hussaina ta goye ta. Aƙilu ya yi ritaya ya dawo gida ya kafa rumfarsa. Radiya ta tashi tana kiransa Baba. Ba a ɓoye mata komai ba, amma ba ta taɓa jin labarin daga bakinsa ba. Ta yi karatu, ta sami aiki a ɗakin karatu na jami'a a Kongo, ta yi aure ta haifi 'ya'ya biyu.

'Yan shekarun baya wani tsohon abokin aiki ya bugo wa Aƙilu waya daga Legas, ya ce Gwaggo, wanda ya daɗe a ɗaure, an sayar da shi ga masu yankan ƙarfe. Aƙilu ya ajiye wayar ya ci gaba da aiki. Sai da Radiya ta zo gaisuwa ranar Juma'a ya faɗa mata, kamar maganar da ba ta dame shi ba. Sai ta ce, "Baba, ka kai ni in gan shi."

Suka sami jirgin a wani lungun ruwa bayan Apapa, kwance a kan laka ya karkace. An riga an cinye bayansa, inda aka yi wa Mamman salla babu shi, sai haƙarƙarin ƙarfe a tsaye. Samari suna ta yanka da wutar gas, yawancinsu 'yan Arewa. Shugabansu, wani Bakatsine mai suna Suhaib, da ya ji ko su waye sai ya tsayar da aiki ya sa aka kafa musu tsani.

Cikin jirgin ruwa ya kwanta, tsatsa tana zuba kamar garin dawa. Aƙilu ya bi gefe yana dafa bango har ya kai lungun nan. Ya nuna da hannu.

"Nan ya kwanta. Kansa ta nan."

Radiya ta durƙusa, ba ta damu da zanenta ba. Ta ɗora tafin hannunta a kan ƙarfen. Ta daɗe a haka.

"Baba, ya yi maganata?"

Aƙilu ya so ya ƙara mata wani abu, amma bai iya ba. Ya ce, "Bai san ke ba ce. Ya dai san kina nan tafe. Ya tambaya ko cikin ya fito."

Ta kifa goshinta a kan hannunta ta yi kuka, irin kukan da ba a yi da murya. Shi kuma ya tsaya a kanta yana kallon sama ta inda aka huda rufin.

Da za su sauka Suhaib ya biyo su yana sosa ƙeya. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ban san ko ya dace in tambaya ba. Ƙofofin nan na gaba sun gagare mu. Muna tsoron mu yanka ta inda bai kamata ba su faɗo kan yara."

Aƙilu ya dubi samarin. Akwai waɗanda ba su kai shekarun Mamman ba. Ya karɓi alli a hannun Suhaib, ya je ya zana inda za a fara da inda za a ƙare, ya nuna musu sarƙar da za su bari sai ƙarshe, ya ce kowa ya koma bayan wancan ginshiƙi. Radiya ta ce su tafi, ya ce a'a, sai ya ga an yi lafiya. Suna tsaye a kan tudu aka yanke sarƙar. Ƙofar hagu ta yi wani dogon kuka, ta kifa cikin laka, ƙasa ta girgiza. Samarin suka yi ihu suna murna ba wanda ya ji ciwo. Aƙilu ya ɗaga musu hannu, ya juya.

Suka kamo hanyar Zariya.

Da suka dawo ya huta kwana biyu, sannan ya hau Keke Napep zuwa Wusasa. Fredrick ya daɗe da samun shanyewar ɓarin jiki, yana zaune a kujera a baranda, Dutsen Kufena yana bayan gidan. Matarsa Mildred ta kawo wa Aƙilu kujera ta ajiye ta inda kunnensa mai ji zai fuskanci mijinta.

"Ɗan birni," in ji Fredrick, harshensa yana nauyi. "An ce ka je. Ka ga Gwaggo?"

"Na gan shi."

"Yaya yake?"

"Saura kaɗan."

"Injinana fa?"

"An fitar da su tun kafin mu je. Rami kawai na gani."

Fredrick ya juya kai yana kallon hanya. Hawaye ya gangaro ta idonsa na ɓarin da ya mutu, bai ji ba balle ya share. Aƙilu ya ciro hankicinsa ya goge masa.

"Yarinyar ta ga wurin?"

"Ta gani."

"To, madalla," in ji Fredrick. Can kuma ya ce, "Na so a ce na ƙara musu wuta ranar nan. Ko da za su fashe."

"Da ba mu kai ba duk da haka," in ji Aƙilu. "Likita ya gaya min daga baya."

Mildred ta kawo kunun zaƙi a kofuna biyu ta ajiye a kan ɗan tebur. Ta dube su, ta koma ciki ta sakaya ƙofa. Kunun yana nan har ƙudaje suka fara sauka a bakin kofunan, babu wanda ya taɓa.